Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu binciken kimiyya da masu ba su kuɗin aiki: an samo maganin sikila, yaushe zai iso?

Zuwa ga masanan da ke ɗakunan bincike, da hukumomi da gidauniyoyin da ke ɗaukar nauyin aikinsu.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya ƙara muku basira da juriya.

Ni malamin kimiyyar halittu ne a makarantar sakandare, kuma ina da ƙanwa da aka haifa da ciwon sikila. A aji nakan zana wa ɗalibai jar ƙwayar jini mai lafiya a allo, zagayayyiya mai ɗan lotsawa a tsakiya, sannan in zana ta sikila a gefenta, lanƙwasasshiya kamar lauje. A gida kuwa na san abin da wannan laujen yake yi da ƙarfe biyun dare: yarinya ta dunƙule wuri guda, ta riƙe ƙaurinta da hannu biyu, tana cewa kamar ana sassaƙa mata ƙashi, mu kuma muna ta ɗumama mata jiki muna ba ta ruwa kafin mu kai asibiti. Saboda haka da bakin malami zan yi muku wasu maganganun, amma mafi yawansu da bakin yayanta ne.

A gefen gadonta na asibiti na karanta labarin, a watan Disamban 2023. Ranar 8 ga watan hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Casgevy, magani na farko a ƙasar da aka gina kan fasahar gyaran ƙwayoyin gado ta CRISPR, bayan Birtaniya ta riga ta da 'yan makonni. Na karanta mata a hankali, ina fassarawa. Ta saurara har na kai aya, sannan ta ce, "Yaya, to yaushe za a yi min?" Na yi shiru. Wannan wasiƙar daga shirun nan ta fito.

Yabon gwani ya zama dole, don haka da yabo zan fara, kuma daga zuciya. Duk wanda ya san tarihin wannan ciwo ya san irin doguwar tafiyar da kuka yi. A 1910 James Herrick ya bayyana ƙwayoyin jinin wani ɗalibi a Chikago masu siffar lauje. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar tana cikin himoglobin, furotin ɗin da ke ɗauke da iskar oksijin a jini. A 1956 Vernon Ingram ya fara gano ainihin wurin da kuskuren yake, aka tarar tubali ɗaya tak ne ya sauya a cikin sarƙar furotin ɗin. Harafi ɗaya a littafin gado, shi ne duk wannan kuka da ƙarin jini da shanyewar ɓarin jiki a yara ƙanana. Max Perutz ya shafe sama da shekara 20 kafin ya fitar da siffar himoglobin. Yau manhajar AlphaFold, wadda ta sa Demis Hassabis da John Jumper suka sami kyautar Nobel a 2024 tare da David Baker, ta yi hasashen siffar furotin fiye da miliyan 200, kuma an buɗe rumbun ga kowa kyauta. Duk lokacin da na nuna wa ɗalibai wannan a kwamfuta sai ajin ya yi tsit.

Dabarar maganin kanta abin sha'awa ce. Jariri a cikin mahaifa yana amfani da wani nau'in himoglobin na daban wanda ba ya lanƙwasa ƙwayar jini, shi ya sa mai sikila yakan yi watannin farko na rayuwarsa lafiya lau kafin yatsunsa su fara kumbura. Bayan haihuwa jiki yana kashe wannan himoglobin na jarirai, ya kunna na manya. A 2008 Stuart Orkin da tawagarsa a Boston suka nuna cewa wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ce makunnin da ke kashe shi. Casgevy yana zuwa ne ya ɓata makunnin a cikin ƙwayoyin ɓargo, sai jiki ya koma yin himoglobin na jarirai. A gwajin da aka gabatar wa hukumar Amurka, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ba tare da tashin ciwo mai tsanani ba. Wanda bai taɓa kwana a kan mai sikila ba, ba zai san nauyin shekara guda cur babu tashin ciwo ba.

To amma ku duba hanyar da ake bi kafin a kai ga wannan. Sai an zuƙo ƙwayoyin asali, wato ƙwayoyin ɓargo masu haifar da jini, daga jinin majiyyaci da wata na'ura, wani lokaci sau biyu ko uku. Sai a aika su masana'anta ta musamman a gyara, a jira watanni. Sai a ba shi busulfan, magani mai ƙarfi irin na masu sankara, ya share ɓargonsa na asali domin sabon ya sami wurin zama. Sai ya yi makonni a ɗakin asibiti da aka killace, ba shi da garkuwar jiki, bakinsa duk gyambo, gashi ya zube. Busulfan na iya hana shi haihuwa har abada. Kuɗin maganin kaɗai a Amurka dala miliyan 2.2 ne, ban da kuɗin gado da jinya. Ɗaya maganin da aka amince da shi a rana guda da shi, Lyfgenia, dala miliyan 3.1.

Yanzu ku ajiye wannan kusa da wani lissafin, wanda shi ma ku kuka yi shi. A 2021 an haifi jarirai kusan 515,000 da sikila a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a Afirka kudu da Sahara, da yawa kuma a Indiya. Mutum kusan miliyan 7.7 ne ke rayuwa da ciwon. Mun ma san dalilin da ya sa ya taru a waɗannan wurare, tun 1954 da Anthony Allison ya nuna cewa wanda ya gaji ƙwayar daga ɓangare ɗaya kawai yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai kisa. Wato inda ciwon ya fi yawa, nan ne aka fi ƙarancin cibiyoyin dashen ɓargo da bankin jini mai wadata da wutar lantarkin da ba ta yankewa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Na san an fara daga abin da zai yiwu ne, kuma ban ga laifin wanda ya fara da haka ba. Abin da nake tsoro shi ne a raba kyaututtuka, a rubuta cewa an gama da sikila, kuɗin bincike ya juya wani wajen, alhali yaran da ake haifa da ita kowace rana sun haura dubu.

Ga abin da nake roƙo. Tun ranar da za ku sa hannu a takardar ba da kuɗin bincike, ku rubuta a ciki wanda za a yi wa maganin, da irin asibitin da yake zuwa, da abin da ƙasarsa za ta iya biya. Wannan ba mafarki nake yi ba, kun taɓa yin sa. Lokacin da ake shirin rigakafin sanƙarau nau'in A, jami'an lafiya na ƙasashen Afirka sun faɗa ƙarara cewa in allura ɗaya ta wuce santi 50 na dala ba za su iya saya ba. Masu aikin suka ɗauki wannan farashi a matsayin sharaɗi daidai da sharaɗin inganci, suka nemi kamfanin Serum na Indiya, aka fito da MenAfriVac a 2010. An yi wa ɗaruruwan miliyoyin mutane, kuma annobar wannan nau'in ta kusa ɓacewa daga yankin da ta saba ɗibar rayuka duk rani. Haka rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21, wanda Jami'ar Okusfod ta ƙirƙira, aka gwada shi a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a Oktoban 2023, kuma kuɗin allura ɗaya bai kai dala 4 ba. Sai lenacapavir, allurar kariya daga ƙanjamau da ake yi sau biyu a shekara. A gwajin da aka kammala a 2024 a Afirka ta Kudu da Yuganda, cikin mata fiye da 2,000 da aka yi wa allurar babu ko ɗaya da ta kamu. A Amurka kuɗinsa ya haura dala 28,000 a shekara, amma a Satumban 2025 aka sanar da yarjejeniyar da za ta sa kamfanonin Indiya su riƙa samar da shi a kan dala 40 a shekara ga ƙasashe 120, daga 2027. A duk waɗannan, akwai wanda ya tsaya da ƙafafunsa ya ce sai an kai shi inda ake buƙata, kuma ya fara faɗin haka da wuri.

Na san gyaran ƙwayar gado ya fi rigakafi wahala nesa ba kusa ba. Amma hanyar da za ta rage wahalar ta fara bayyana. Maimakon a ciro ƙwayoyin ɓargo a kai masana'anta, ana iya naɗe kayan gyaran cikin ɗigon kitse ƙanana, irin waɗanda aka yi amfani da su a rigakafin korona na mRNA, a zuba ta jijiya, gyaran ya faru a cikin jiki. A 2025 likitoci a Filadelfiya ta Amurka sun yi haka ga wani jariri mai ciwon hanta na gado da ba kasafai ake samu ba, da maganin da aka tsara dominsa shi kaɗai cikin kusan wata shida. Hanta ta fi ɓargo sauƙin kaiwa, domin ɗigon kitsen can yake nufa da kansa. Kai shi ɓargo, ba tare da busulfan ba, shi ne aikin da ke gabanku. A 2019 Cibiyoyin Lafiya na Amurka da Gidauniyar Gates sun yi alƙawarin zuba dala miliyan 200 tsakaninsu don neman irin wannan magani mai sauƙi ga sikila da ƙanjamau. Dala miliyan 200 ba ta kai kuɗin yi wa mutum 100 Casgevy ba. A ƙara, a kuma daure har a kai, ko da sakamakon farko ya ba da kunya.

Kafin wannan ya nuna, akwai abin da ke ci mini rai fiye da tsadar sabon magani, wato tsohon maganin da yake da arha amma bai kai ga yara ba. Tun 1986 aka tabbatar cewa ba yaro mai sikila fenisilin kullum yana rage mummunar cutar jini ta bakteriya da kashi 84 cikin 100. Tun 1998 aka amince a Amurka da haidroksiyuriya, ƙwayar magani da ake haɗiya sau ɗaya a rana, wadda ita ma himoglobin na jarirai take ƙarawa, ko da yake ba kamar gyaran gado ba. An daɗe ana ɗari-ɗari da ba da ita a Afirka saboda tsoron za ta raunana yara a gaban zazzaɓin cizon sauro. Sai a 2019 aka wallafa sakamakon gwajin REACH, wanda aka yi da yara kusan 600 a Angola da Kwango da Kenya da Yuganda: ciwon ƙashi ya ragu, buƙatar ƙarin jini ta ragu, mutuwa ta ragu, shi kansa zazzaɓin ya ragu da kusan rabi. Ku lissafa shekarun da ke tsakanin 1998 da 2019. Shekara 21 ke nan. Ƙanwata ta fara shan wannan ƙwaya a makare, kuma na ga bambancin da idona: idanunta da suka saba zama rawaya sun washe, ta yi zango guda cur ba ta fashi makaranta ba. Ina yawan tunanin yaran da ba a ma san suna da ciwon ba har suka rasu, aka ce zazzaɓi ne, alhali akwai ɗan gwajin da ake yi da ɗigon jini daga diddigen jariri ya ba da amsa cikin mintuna.

Binciken yadda za a gwada kowane jariri, da yadda ƙwayar magani za ta riƙa samuwa kowane wata ba yankewa, da yadda ma'aikaciyar jinya za ta daidaita awon maganin inda babu ƙwararren likitan jini, shi ma bincike ne. Ba ya kawo kyautar Nobel, manyan mujallu ba sa sa shi a bango, matashin masani kuma ya san ba da shi ake saurin samun ƙarin girma ba. Ku ne kuke raba kuɗi da muƙamai, ku ne za ku iya canza wannan.

Kada a ɗauka ina cewa a bar binciken da ba a ga amfaninsa nan take ba. Da na faɗi haka da na ci amanar aikina. CRISPR ɗin nan ba daga asibiti ta fito ba. A farkon shekarun 1990 wani ɗalibi a Sifaniya, Francisco Mojica, yana nazarin wasu ƙananan halittu masu rayuwa a tafkunan gishiri kusa da Alikante, sai ya ga wani jeri mai maimaita kansa a cikin DNA ɗinsu, wato littafin gadonsu. Ya shafe fiye da shekara goma yana bin sawun abin, har ya fahimci cewa garkuwa ce da suke kare kansu da ita daga bairos. Manyan mujallu da dama sun ƙi karɓar takardarsa kafin ta fito a 2005. Daga nan aka bi har zuwa aikin Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier na 2012, wanda ya mayar da garkuwar almakashin yanka DNA, ya kuma kai su ga Nobel a 2020. Gwajin PCR da ake gano cututtuka da shi ya dogara ne da sinadarin wata bakteriya da Thomas Brock ya samo a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yelosuton a Amurka. Maganin ciwon suga na farko a jerin waɗanda duniya ke rububi yanzu don rage ƙiba an samo asalinsa ne daga dafin wani ƙadangare. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Shi ya sa hankalina ya tashi da na ga yadda aka soke tallafin bincike masu yawa a Amurka a 2025, har da gwaje-gwajen da aka tsayar alhali mutane na tsakiyar karɓar magani. Wanda zai gano abin da zai ceci jikokinmu wataƙila yanzu haka yana nazarin wata tsutsa ko wani gansakuka, kuma shi ne na farko da ake yanke wa kuɗi.

Akwai kuma batun waɗanda ake bincike a kansu. Wani nazari na 2019 ya nuna cewa a manyan binciken da ke haɗa ƙwayoyin gado da cututtuka, kusan kashi 78 cikin 100 na mahalarta 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa kusan kashi 2, alhali a Afirka bambancin gadon ɗan Adam ya fi yawa. Wannan giɓin yana da illa har a bakin gado. Akwai ɗan abin nan da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa ya nuna yawan oksijin a jininsa. Na sha zuba wa lambobinsa ido duk daren da ƙirjin ƙanwata ya riƙe, in ya nuna 94 in ji sanyi a raina. Daga baya na karanta binciken Jami'ar Mishigan na 2020, wanda ya gano cewa na'urar tana ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata, domin da haske take aiki, kuma ba a gwada ta sosai a kan fata mai duhu ba. Tun ranar ban sake yarda da lambar ita kaɗai ba, numfashinta nake kallo. Faɗaɗa bincike kuma riba ce ga kowa. Magungunan rage kitsen jini masu toshe furotin ɗin PCSK9, waɗanda aka amince da su a 2015, sun sami ƙarfin gwiwa ne daga binciken Helen Hobbs da Jonathan Cohen a Dalas, inda suka tarar wasu baƙaƙen fatar Amurka na da wani sauyin gado da ke saukar musu da kitsen jini ya kare su daga ciwon zuciya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku sa masanan ƙasashen da cuta ta fi ƙamari su jagoranci aikin, samfurin jini da bayanai su zauna a hannunsu, sunansu ya zo a gaba a takardar in su suka yi aikin.

Sai maganar gaskiya wajen ba da labari. A 2019 aka amince da wani maganin sikila mai suna voxelotor cikin gaggawa saboda yana ɗaga yawan himoglobin a gwajin jini. Iyalai sun yi murna, ni ma na yi. A Satumban 2024 aka janye shi daga kasuwannin duniya baki ɗaya, bayan bayanai sun nuna tashin ciwo da mace-mace sun fi yawa a wajen masu shan sa a wasu gwaje-gwaje. Janyewar daidai ce, kuma na gode wa waɗanda suka ci gaba da sa ido har suka gano. Amma darasin a fili yake: lambar da ta gyaru a takardar gwaji daban, yaron da ya daina kuka daban. A 2023 kaɗai an janye takardun bincike fiye da 10,000 daga mujallu. Mu da ke karanta kanun labarai da zuciya a hannu ba mu da hanyar tantance wanne ne zai tsaya. Idan a jikin ɓera aka gwada abu, ku ce a ɓera ne tun a layin farko. Idan mutum 30 ne, ku ce 30. Idan gwaji bai yi nasara ba, ku wallafa shi yadda kuke wallafa wanda ya yi, domin waɗanda suka miƙa hannunsu aka ɗebi jini sun cancanci a san abin da aka samu. Ku kuma rubuta taƙaitaccen bayani cikin harshe mai sauƙi, a fassara shi zuwa harsunan da majiyyatan ke ji. Uwar da ta sa hannu aka shigar da ɗanta gwaji bai kamata ta ji sakamakon a bakin wani bayan shekara uku ba.

Ƙanwata ta cika shekara 17 a bana, tana son ta karanta ilimin haɗa magunguna. Ta san sunan BCL11A, ta san abin da busulfan ke yi, kuma ta ce in da za a ba ta zaɓi za ta jira na allura, domin tana son ta haihu. Kowace safiya tana haɗiyar ƙwayarta da ruwa kofi biyu, kowane wata uku muna zuwa a auna jininta. Har yanzu ban ba ta amsar tambayar da ta yi min a watan Disamban nan ba. In wani daga cikinku ya karanta wannan, ina roƙon ya faɗa mana a fili inda aikin gyara ɓargo ta allura ya tsaya, wa ke biyan kuɗinsa, a waɗanne ƙasashe za a gwada shi, da farashin da aka sa a gaba. Zan karanta mata duk abin da kuka rubuto, in fassara mata kalma bayan kalma, kamar yadda na yi a wancan daren.

Naku cikin girmamawa,
Malamin kimiyyar halittu, yayan mai sikila.